Wane nauyi, kuma kashi nawa? Fashin baƙi kan baƙaƙen ramukan farkon halitta

Labari iri biyu ne ke yawo a wayoyin masu sha'awar ilimin taurari a nan Tawa, kuma sukan zo ne ɗaya bayan ɗaya. Yau a turo maka cewa masana sun gano inda nauyin nan na sararin samaniya da aka daɗe ana cigiya ya maƙale, wai baƙaƙen ramuka ne da suka samu tun farkon halitta, wato wuraren da nauyi ya matse har ko haske ba ya iya kuɓucewa daga cikinsu. Bayan wata biyu wani ya turo cewa an rufe wannan babin, bincike ya nuna ba su ba ne. Mai karatu sai ya ɗauka masanan ne ba su da tsayayyar magana, alhali galibi labaran biyu ba a kan rami iri ɗaya suke magana ba. Duk wanda ya yi zancen waɗannan ramuka bai faɗi nauyin ramin da yake nufi ba, bai kuma faɗi kaso nawa yake ba shi ba, to da sauran magana a bakinsa.

Cigiyar ta kusa shekara ɗari. A 1933 Fritz Zwicky, masanin taurari ɗan Suwizalan da ke aiki a Kalifoniya, ya auna gudun wasu galaksi, wato garkunan taurari, da ke cunkushe a rukunin da ake kira Coma. Ya ga gudun ya yi yawa. Da nauyin taurarin da ake gani ne kaɗai ke riƙe da su, da tuni kowanne ya kama gabansa. Ba a kula shi sosai ba sai a shekarun 1970, da Vera Rubin da Kent Ford suka nuna cewa taurarin da ke can bakin galaksi suna zagaye da sauri kusan daidai da na ciki. A wajen rana da duniyoyinta ba haka abin yake ba. Duniyarmu tana cin kilomita 30 a sakan ɗaya, Neptune da ke can nesa ba ta wuce biyar da ɗoriya, don jan rana yana raguwa da nisa. Tun da taurarin gefe ba su rage gudu ba, ke nan akwai wani nauyi mai yawa da ya lulluɓe galaksin, wanda ba ya ba da haske, ba ya kuma tare shi. Shi ne ɓoyayyen nauyi. Tauraron ɗan'adam na Turai mai suna Planck ya ba da lissafinsa na ƙarshe a 2018: cikin 100 na duk abin da ke sararin samaniya, kashi 5 ne kawai irin abin da aka yi mu da shi, mu da ƙasa da taurari. Wajen kashi 27 ɓoyayyen nauyi ne. Sauran wani ƙarfi ne daban da ke ƙara wa sarari saurin buɗewa, ba shi ne zancenmu ba yau.

Ɗalibi mai kaifin kai nan take zai ce: to me zai hana a ce matattun taurari ne? Baƙin rami ai ba ya haske, ga shi da nauyi. Amsar tana cikin mintunan farko na halitta. A lokacin, zafi ya kai ƙwayoyin haidurojin su haɗu su zama hiliyom, aka bar ɗan ragowar wani nau'in haidurojin mai nauyi, ditiriyom. Yawan wannan ragowar ya dogara ne da yawan furoton da niyutoron, ƙwayoyin da ke tsakiyar atam, da ke akwai a lokacin. An auna shi a gizagizan gas masu nisa, lissafi ya dawo kan kashi 5 ɗin nan dai, ta hanyar da ba ruwanta da Planck. Ramin da tauraro ya bari bayan mutuwarsa daga cikin kashi 5 ya fito, don tauraron kansa ɗan can ne. Ba a cike giɓin 27 da abin da aka ɗebo daga 5.

Mafita ɗaya ce. In rami ya samu kafin waɗannan mintuna, nauyinsa ya riga ya shige ciki, ba zai shiga ƙidayar ba. Yakov Zel'dovich da Igor Novikov ne suka fara taɓo zancen a Tarayyar Sobiyet a 1966, Stephen Hawking ya ɗauko shi a 1971, shi da ɗalibinsa Bernard Carr suka shimfiɗa lissafinsa a 1974, sannan a 1975 George Chapline ya ce mai yiwuwa su ne nauyin da ake nema. Yadda abin zai faru ba shi da wuyar ganewa. A farkon fari komai a matse yake, kuma kusan daidai wa daida ko'ina. In wani yanki ya fi maƙwabtansa cunkoso da kusan rabi, jan nauyinsa sai ya rinjayi matsin zafin da ke tura shi waje, ya rufta a kan kansa, ba tare da ya taɓa zama tauraro ba. Girman ramin kuwa lokaci ne ke yanke shi, don yankin da zai iya ruftawa tare bai wuce inda haske ya samu damar ratsawa ba tun farawa. Wanda ya rufta da wuri ƙwarai, a ɗan tsagin sakan da sai an rubuta sifili 22 bayan waƙafi kafin a sa 1, zai yi nauyin tan miliyar ɗaya, girmansa kuma bai wuce na furoton ba. Wanda ya jira har kashi ɗaya cikin 100,000 na sakan zai yi nauyin rana. Wanda ya kai sakan ɗaya cif zai yi nauyin rana 100,000.

Ka ga ke nan ka'idar ba ta zaɓi nauyi ba. Ta bar fili tun daga nauyin tsauni har abin da ya ninka rana sau dubbai, kuma a nan ne duk rigimar take.

Jimillar nauyin dai an san ta. A unguwarmu ta galaksi, in ka ɗebi fili mai girman duniyar nan tamu, ɓoyayyen nauyin da ya faɗo rabonsa bai cika kilo ɗaya ba. Abin da ba a sani ba shi ne yadda aka kasa shi. Wanda ya taɓa tsayawa inda ake lodin albasar Galmi ya san buhu mai kilo 100 na albasa da buhu mai kilo 100 na gero ma'auni ɗaya suke ba da shi, amma in suka yage a bayan mota a kan hanyar Konni, neman abin da ya zube ba iri ɗaya ba ne. Albasar za ka gan ta ɗaya nan, ɗaya can gaba, kowace ta fito fili. Geron ya bazu ko'ina, ƙwaya ba adadi, amma ya saje da rairayi. In ramukan masu nauyin rana 30 ne, tsakanin ɗaya da ɗan'uwansa tafiyar haske ce ta shekaru gommai, sai dai kowanne yana da ƙarfin da zai bar alama. In ƙanana ne masu nauyin dutsen sama, yanzu haka akwai ƴan ƙalilan a cikin da'irar Neptune, ba mai jin ɗuriyarsu. Shi ya sa kowane nauyi da irin dabarar nemansa, kuma abin da kowace dabara ke bayarwa iyaka ce: ramuka masu nauyi kaza ba za su wuce kashi kaza na ɓoyayyen nauyi ba, in ba haka ba da mun ga kaza.

Mafi ƙanƙanta Hawking da kansa ya kashe su. A 1974 ya nuna cewa baƙin rami yana tsiyayar da ɗan zafi, kuma da wannan zafin nauyinsa ke zagwanyewa. Ƙarami ya fi zafi, ya fi saurin ƙarewa. Mai nauyin rana ya fi sararin da ke kewaye da shi sanyi, don haka ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba. Ka ninka nauyin rami sau biyu, ransa ya ninku sau takwas. Ka ninka sau goma, ya ninku sau dubu. Wanda ya fara da wajen tan miliyan 500, ransa ya yi daidai da shekarun halitta, miliyar 13 da miliyan 800, wato a zamanin nan yake cikawa. Duk wanda bai kai haka ba ya riga ya ƙone, ba shi cikin lissafin yau. Waɗanda suka ɗara shi kaɗan suna nan, amma suna tofar da wani haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani, mai suna gama, da kuma ƙwayoyin lantarki. Tun 1976 Don Page da Hawking suka gwada wannan da hasken gama da ake gani a sama, suka ga masu cikawa yanzu rabonsu bai kai ɗaya cikin miliyan ba.

Wata shaidar kuma daga tsohon kumbo ta zo. Voyager 1 da aka harba a 1977 ya fice a 2012 daga kumfar iskar rana, wato ƙwayoyin da rana ke fesowa, ya shiga inda raunanan ƙwayoyin lantarki ke yawo, waɗanda iskar rana ke korewa kafin su iso mu. A 2019 Mathieu Boudaud da Marco Cirelli a Faransa suka ɗauki ƙidayar da kumbon ya aiko, suka ce da ƙananan ramuka sun cika galaksinmu, da ƙidayar ta fi haka nesa ba kusa ba. In aka haɗa da hasken da tauraron ɗan'adam mai suna INTEGRAL ya auna daga tsakiyar galaksi, shingen, wato iyakar da awo ya sa, yana kaiwa har wajen tan miliyar 100. Daga nan zuwa sama ramin ya huce, ba ya tofar da abin da na'ura za ta kama.

Dabarar da na fi yarda da ita ita ce ta ƙidaya. Nauyi yana tanƙwara haske, Einstein ya yi lissafin yadda tauraro zai yi wa hasken na bayansa a 1936. A 1986 Bohdan Paczyński, ɗan Poland da ke koyarwa a Princeton, ya ce a yi amfani da wannan a farauci abin da ba a gani. In wani abu mai nauyi ya gitta daidai tsakaninka da tauraro mai nisa, zai tattaro hasken tauraron, ka ga ya ƙara haske sannu a hankali, ya kai ƙololuwa, ya sauka yadda ya hau, ba tare da launinsa ya sauya ba, kuma ba zai sake ba. Mai nauyin rana yakan ɗauki makonni ko watanni kaɗan. Mai nauyin rana 100 sai an yi shekaru. Matsalar ita ce ko da ɓoyayyen nauyin duka irin waɗannan ne, tauraro ɗaya ne cikin kusan miliyan biyu zai kasance cikin wannan hali a kowane lokaci. Dole a sa wa miliyoyin taurari ido, dare bayan dare.

Inda aka fi zuba idon shi ne Babban Gajimaren Magellan, wani ƙaramin galaksi maƙwabcinmu mai nisan tafiyar haske ta shekara 160,000. Daga Tawa da ƙyar yake leƙowa. A daren Disamba ko Janairu in ka fita bayan gari ka fuskanci kudu, ka miƙa hannu, bai fi faɗin yatsu uku ba daga inda sama ta haɗu da ƙasa, kuma lokacin ne hazon hunturu ya fi kauri a daidai wurin. Shi ya sa madubin hangen nesa na wannan aiki suke ƙasashen kudu, Ostireliya da Chile. Ƙungiyar MACHO ta ba da sanarwa a 2000 cewa ta ga haskawa 13 zuwa 17, ta ce wataƙila kashi 20 cikin 100 na ɓoyayyen nauyin galaksinmu abubuwa ne masu rabin nauyin rana. An yi ta murna. Sai ƙungiyar Faransawa ta EROS ta zo a 2007, ta ce ita taurari masu haske miliyan 7 ta bi kusan shekara bakwai, ta ga ɗaya tak a inda ya kamata ta ga kusan 39, don haka rabon bai kai kashi 8 ba.

Wanda ya yanke gardamar shi ne OGLE, aikin Jami'ar Warsaw da ke Las Campanas a Chile tun 1992. A 2024 Przemek Mróz da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon shekara 20 na bin taurari kusan miliyan 80. Da ramuka masu nauyin rana 10 ne ɓoyayyen nauyin duka, da sun ga haskawa 258. Da masu nauyin rana 100 ne, da sun ga 99. Da masu 1,000 ne, 27. Abin da suka gani 13 ne, dukansu gajeru, kuma taurari na yau da kullum sun isa su bayyana su. Iyakar da suka sa: kashi 1.2 ga masu nauyin rana 10, kashi 3 ga masu 100, kashi 11 ga masu 1,000. Lura da yadda shingen ke sassautawa in nauyi ya ƙaru, don haskawar tana neman ta fi shekarun kallon tsawo.

Ga masu nauyin wata kuwa, haskawar minti ce ko awa, sai an yi ta ɗaukar hoto ba ƙaƙƙautawa. An nufi galaksin Andromeda, wanda mu a nan muna ganinsa sarai. A watan Nuwamba bayan Isha'i, in an ɗauke wuta ka hau soro, yana nan sama ta wajen arewa, wani ɗan dishi-dishi mai tsawo wanda ya fi fitowa in ka kalle shi ta gefen ido. Hasken ya yi shekara miliyan biyu da rabi a hanya. Madubin Subaru na Japan da ke kan tsaunin Maunakea a Hawai, mai faɗin mita 8.2, ya kafe a kansa awa bakwai a dare ɗaya na 2014, hoto duk bayan minti biyu. Ana sa ran kusan haskawa dubu in ramukan ne ɓoyayyen nauyi. Hiroko Niikura da abokanta suka ba da rahoto a 2019: ɗaya suka samu, ita ma ba tabbas.

Me ya sa to zancen ya sake tashi da ƙarfi a shekarun nan? Dalili biyu. Na farko, ƙwayar da masana suka fi sa rai ita ce ɓoyayyen nauyi ta ƙi bayyana, duk da manyan tankunan da aka binne a ƙarƙashin tsaunin Gran Sasso a Italiya da tsohuwar mahaƙar zinariya a Dakota ta Kudu, da kuma injin gwara ƙwayoyi na cibiyar bincike ta CERN a Turai. Na biyu, ranar 14 ga Satumba 2015 na'urorin LIGO biyu a Amurka, kowace da hannuwa masu tsawon kilomita 4, suka ji girgizar sarari daga karon baƙaƙen ramuka biyu, ɗaya mai nauyin rana 36, ɗaya 29. Kafin nan yawancin ramukan taurari da aka auna suna tsakanin 5 da 20 ne. Bayan sanarwar Fabrairu 2016 da ƴan makonni, masana a Jami'ar Johns Hopkins suka yi tambaya a fili ko LIGO ɓoyayyen nauyi ta ji. Amsar ta zo a shekarar daga Misao Sasaki da abokansa a Japan. Suka tuna da wani lissafi na 1997 da ya nuna cewa ramukan farko, in suna da yawa, tun suna jarirai za su kama juna bibbiyu, su yi ta zagaye suna matsowa har su yi karo a zamaninmu. Da su ne ɓoyayyen nauyi duka, da LIGO ta gaji da jin karo. Yawan da ake ji ya yi daidai da kusan ɗaya cikin dubu ne kawai. An ji karo 90 zuwa 2020, yanzu sun haura 200, kuma lissafin bai sauya alkibla ba.

Akwai shingen da ake yawan ambata wanda ni nake riƙe shi da hannu biyu-biyu cikin taka-tsantsan. Shekara 380,000 bayan farawa, sarari ya huce har haske ya samu hanya, kuma wannan tsohon hasken ne Planck ya zana taswirarsa. Manyan ramuka a wancan zamani za su haɗiyi gas, gas ɗin ya yi zafi ya fitar da haske mai ƙarfi, ya ɓata taswirar ta hanyar da za a gane. Hujjar tana da kyau, amma tana rataye a kan sanin yadda gas ke faɗawa rami, wanda ko a galaksinmu na yau ana gardama a kai. A 2008 Massimo Ricotti da Jeremiah Ostriker da Katherine Mack suka yi lissafi, suka hana duk abin da ya kai nauyin rana. A 2017 Yacine Ali-Haïmoud da Marc Kamionkowski suka sake lissafin a tsanake, shingen ya ja da baya har wajen nauyin rana 100. A shekarar dai wasu suka ce in gas ɗin faifai yake yi yana zagaye kafin ya faɗa, shingen ya dawo kusa da inda yake. Tsohon haske ɗaya, amsa uku. Da wannan ne kaɗai hujjar da ke kan manyan ramuka, da ban saki jiki ba. Abin da ya ƙarfafa ta shi ne wasu shaidun da ba su san da gas ba sun zo wuri guda. A ɗan ƙaramin galaksin Eridanus II akwai wani curin taurari a tsakiya wanda, kamar yadda Timothy Brandt ya nuna a 2016, da manyan ramuka na kai-komo a wurin da sun yi ta bangazar taurarin har curin ya watse. Ga OGLE, ga LIGO. Kowanne da rauninsa, amma raunin ba wuri ɗaya yake ba.

Tsakanin tan miliyar 100 da abin da ya ninka haka sau 100,000 ko fiye kaɗan, ba shinge. Nauyin duwatsun da ke yawo tsakanin Mars da Jupiter ke nan, a matse cikin abin da a tsakiyar zangon bai fi ƙwayar atam ɗaya girma ba. Ya yi sanyi da yawa ga masu neman hasken Hawking. Ya yi ƙanƙanta ga masu ƙidayar haskawa, saboda ramin bai kai tsawon igiya ɗaya ta hasken da ake so ya tanƙwara ba, kuma tauraron da ke baya ya fi ɗan wurin da yake iya haskawa faɗi. Shekara goma sha da suka wuce taswirar masana ta nuna wannan wurin ma a rufe. An ce da ramukan suna nan da sun shige cikin matattun taurarin da ake kira taurarin niyutoron sun cinye su, da sun tayar da fashewa a wasu matattun da ake kira fararen ƙananan taurari, da sun bar zane a walƙiyar gama mai zuwa daga nesa. Tsakanin 2018 da 2019 aka sake bin hujjojin ɗaya bayan ɗaya, aka ga kowace ta tsaya a kan zaton da bai tabbata ba, aka goge su. A wannan zangon kaɗai, ramukan farkon halitta za su iya zama ɓoyayyen nauyi ɗari bisa ɗari ba tare da sun saɓa wa wani awo ba.

A wata fada da ake shan shayi aka kawo zancen, lokacin ana ta maganar dutsen nan na Mars mai kusan kilo 25 da aka tsinta a jihar Agadas a 2023, aka sayar da shi a New York a Yuli 2025 kan dala sama da miliyan 5, har gwamnati ta buɗe bincike. Wani dattijo da ke gefe yana jan carbi ya ce, "Malam, wannan naka in ya faɗo, a ina za a tsince shi?" Na ce, "Baba, ai ba ya tsayawa." Gudunsa ya haura kilomita 200 a sakan, tafiyar Tawa zuwa Yamai bai cika sakan uku ba. Zai shiga ta wannan gefen duniya ya fita ta wancan cikin minti guda, bai ci abin kirki ba don bakinsa ya yi ƙanƙanta, sai ɗan motsin ƙasa. Kuma ko mafi sauƙinsu, waɗanda suka fi yawa, sai a yi miliyoyin shekaru masu yawa ɗaya bai dace da duniya ba. Abin da ya fi yiwuwa shi ne wucewa ta kusa. A 2024 wasu masana a jami'ar MIT ta Amurka suka lissafa cewa ɗaya zai iya ratsa yankin duniyoyin ciki kusan sau ɗaya a shekara goma, ya ɗan gusar da Mars daga hanyarta, kuma nisan Mars ana auna shi yau da daidaiton da bai wuce taku ɗaya ba.

Sai dai kada a ɗauki buɗaɗɗiyar ƙofa a matsayin shaida. Ba a ga komai a wannan zangon ba. Abin da ya faru shi ne ba a samu abin dubawa ba tukuna, kuma akwai tazara tsakanin "an duba babu" da "ba a iya dubawa". Sannan akwai kuɗin da ka'idar ke biya tun daga tushe. Bambancin cunkoson da Planck ya auna a manyan yankuna ɗaya ne cikin 100,000. Rami kuwa yana son kusan rabi. Dole a ce a ƙananan yankuna, waɗanda ba mu taɓa aunawa ba, bambancin ya yi tsalle ya ninku sau dubbai, kuma ya tsaya daidai inda ake so. Ya gaza kaɗan, ba rami ko ɗaya. Ya ɗara kaɗan, ramuka su cinye halitta tun ba a yi taurari ba. Ga masu nauyin rana, yanki ɗaya cikin kusan miliyar ne ya kamata ya rufta, ba ƙari ba ragi. Ana iya gina ka'idar da za ta ba da haka, an ma gina da yawa, amma da hannu ake saita su.

Masu goyon bayan ramukan su ma suna da ƙorafin da ya kamata a saurara. Yawancin iyakokin nan an lissafa su ne a kan zaton ramukan duka nauyinsu ɗaya, kuma a warwatse suke daidai. In nauyinsu ya bambanta, ko a dunƙule suke rukuni-rukuni, lambobin sukan motsa. Gaskiya ne. Amma da aka gwada, raba nauyin a zango mai faɗi galibi bai taimaka ba, don jelar rabon takan faɗa cikin shingen maƙwabta.

Ɗaya cikin dubu ma ba abin rainawa ba ne. Madubin James Webb da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, tare da madubin Chandra mai ganin hasken eksre, sun gano wani rami a galaksin UHZ1 mai nauyin rana miliyan 10 zuwa 100, a lokacin da halitta ba ta wuce shekara miliyan 470 ba. Ramin tauraro da wuya ya yi wannan ƙiba a wannan ɗan lokaci. Yawancin masana sun fi karkata ga cewa wani ƙaton gajimaren gas ne ya rufta kai tsaye, amma iri da aka shuka tun sakan na farko shi ma yana cikin amsoshin da ake aunawa, kuma ɗan mitsitsin kaso na ɓoyayyen nauyi ya ishe shi.

Abubuwa biyu ne za su iya raba gardamar nan gaba. Tauraro ba ya barin baƙin ramin da bai kai nauyin rana ba, don abin da bai kai wajen nauyin rana 1.4 ba yana iya riƙe kansa bai rufta ba. In LIGO da takwarorinta, Virgo na Italiya da KAGRA na Japan, suka tabbatar da karon ramin da bai kai rana ɗaya ba, da wuya a samo masa uba in ba farkon halitta ba. An tace bayanan har zuwa 2020 ana nemansa, ba a samu ba. Na biyun ya shafi buɗaɗɗiyar ƙofar kai tsaye. Cunkoson da ya isa ya haifi ramuka dole ya girgiza sarari a lokacin, kuma girgizar tana nan har yau a matsayin wani gunji mai zuwa daga kowace kusurwa, amonsa ya dogara da nauyin ramukan. Ga masu nauyin dutsen sama, amon ya faɗo daidai zangon da LISA za ta saurara, kumbo uku na hukumar sararin samaniyar Turai da za su yi tafiya a kusurwa uku, kilomita miliyan 2.5 tsakanin kowane biyu. An amince da aikin a Janairu 2024, ana shirin harbawa wajen 2035.